Wasiƙar da Malam Badaruddeen Ya Gyara

A ƙarshen shekarar 2004, kamfanin fiton kaya da Iklima take yi wa aikin sakatariya a unguwar Treichville ta birnin Abidjan ya yanke shawarar kwashe ofishinsa zuwa Tema, a ƙasar Ghana. Gari bai kwanta ba tun rikicin watan Nuwamba, aiki kuma ya ja baya. Ranar Litinin manaja ya kira ta ya ajiye mata takarda. In za ta bi su, ta sa hannu kafin sha biyun ranar Juma'a. In ba za ta bi ba, a sallame ta.

Mahaifinta ne abin dubawa. Tun rasuwar mahaifiyarta su biyu suka rage a gidansu da ke unguwar 220 Logements. Ita ke dafa masa miya mai ƙarancin gishiri, ita ke ɗiga masa maganin ido safe da yamma. Kafin ta sauko daga benen ofis ta gama yanke hukunci: in ya ce ta zauna, ta zauna. A can ƙasan ranta ma, abin da take so ya ce ke nan.

Yadda za ta gaya masa ne ya gagare ta. Mahaifin nata, Malam Badaruddeen, tsohon mai gyaran rubutu ne a wata jaridar Turanci a Kaduna. Ya zo Abidjan kafin a haife ta, ya kafa tebur a ƙuryar shagon atamfa na Alhaji Awwalu cikin kasuwar Adjamé, yana rubuta wa fatake wasiƙun Turanci zuwa Dubai da Hong Kong. Shekara ashirin da shida a garin, bai yarda ya koyi Faransanci ba, wanda shi ne harshen da Iklima take tunani da shi. Hausarta kuwa ta isa cefane da gaisuwa. In ta ɗauko magana mai nauyi, takan karye mata a tsakiya, shi kuma ya yi murmushi ya ce, "Hausar 'yan Abidjan."

Saura Turanci, abin da yake girmamawa. Shekara biyu tana zuwa ajin yamma tana koyo, tana kawo masa aikin gida yana dubawa. Yana da wani ɗan littafi da ya haɗa da hannunsa, na kalmomin da ke rikita masu rubutu: *lose* da *loose*, *advice* da *advise*, *borrow* da *lend*, har shafi arba'in. Ta ɗauko shi ta buɗe a gabanta, ta yi kwana biyu tana rubuta wasiƙa mai shafi ɗaya.

Ranar Laraba da tsakar rana ta hau gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, ta sauka Adjamé. Ta ratsa tsakanin masu tura amalanke da buhunan goro har shagon.

"'Yar Faransa ta iso," in ji Alhaji Awwalu. "Ko an zo karɓar darasi?"

Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta miƙa wa mahaifinta takardar a naɗe. "Baba, ga wannan. Ka karanta in ka sami lokaci."

"Na ajin yamma ne?"

Alhaji na tsaye yana sauraro. Ta ce, "Ka dai karanta, Baba."

Ya sa ta ƙarƙashin wasiƙu uku da ke jiransa.

Malam Badaruddeen yana da hanyar aikinsa, wadda ya taho da ita daga jarida. Ba ya fara karatu daga sama. Yakan ɗora rula a kan layin ƙarshe, ya bi kalmomi ɗaya bayan ɗaya da jan biro, sannan ya matsa sama. Yakan ce duk wanda ya bi ma'ana, kuskure zai wuce ta gabansa yana kallo. Iklima ta san wannan tun tana ƙarama. Ba ta taɓa kawowa a ranta cewa haka zai yi wa wannan takardar ba.

Da safiyar Alhamis ta tarar da ita kusa da kofin shayinta. Jan biro a wuri goma sha huɗu. Inda ta ce tana neman shawararsa, ya zagaye kalmar ya rubuta "shafi na 3" a gefe, wato na ɗan littafinsa. Inda ta ce tana tsoron rasa shi, ya soke harafi ɗaya. A layin da ta ce in ya ce ta zauna za ta zauna, waƙafi kawai ya ƙara. A ƙasa ya rubuta shida bisa goma.

"Kin fi wancan karon," ya ce yana ɗaura agogo. "Amma har yanzu Faransanci kike yi da kalmomin Turanci."

Ya fita. Ta zauna har shayin ya huce.

Yinin ranar a ofis tana juya abu biyu. Ko ya karanta, wannan ce amsarsa, ko kuwa bai san abin da ke ciki ba. Da yamma ta yi niyyar tambayarsa, sai ya dawo da baƙi biyu 'yan Kano, aka yi hira har isha. Da asubar Juma'a ya riga ta fita.

Ƙarfe goma ta nemi izini ta sake hawa gbaka. Ta tarar da Alhaji Awwalu zaune a kan dilar atamfa yana ba wani baƙon ɗan kasuwa labarin mahaifinta.

"Wannan da kake gani, ko ɗigo ba ya wuce shi. Bature ya rubuto mana, Malam ya samo masa kuskure biyar. Bature fa, mai harshen."

Malam Badaruddeen yana jin yabon yana gyara tabarau. Iklima ta gaishe su, ta matsa kusa da teburin, ta rage murya.

"Baba, takardar nan, ka karanta?"

"Ba ki ga jan biro ba?"

"Na gani. Me na ce a ciki?"

Ya ɗago ya dube ta. Ta zaro takardar daga jaka ta ajiye a gabansa. Ya kai hannu ga rula, ya fasa. Tana tsaye tana kallon idonsa yana bin layuka daga sama zuwa ƙasa, a hankali. Da ya kai tsakiya ya tsaya, ya koma baya, ya sake bin layi ɗaya. A waje wani mai amalanke yana ihun a ba shi hanya. Malam ya kai ƙarshe, ya daɗe yana kallon shida bisa goman da ya rubuta.

"Lafiya dai, Malam?" in ji Alhaji Awwalu.

Malam Badaruddeen ya dubi Alhaji, ya dubi baƙon, wanda shi ma ya zuba masa ido. Ya naɗe takardar gida huɗu.

"Lafiya lau. Aikinsu ne zai koma Ghana, suna so su tafi da ita. Tun shekaranjiya na gani."

"Masha Allah. Shi ne ba ka gaya mana ba?"

"Ina jira ne a tabbatar."

Iklima ta ce, "Sha biyu zan ba su amsa, Baba."

"To, ki ba su."

"Wace amsa?"

Bai dube ta ba. Ya jawo wata wasiƙar ya daidaita ta a gabansa. "Wanda ya sa 'yarsa a makaranta ai ba ya ɗaure ta a ƙafar gado. Allah ya sa alheri."

Alhaji Awwalu ya ce amin, baƙon ma ya ce amin. Alhaji ya ƙara da cewa yana da ƙani a Tema, zai ba ta lambarsa, kuma kada ta dawo masu da Turancin Ghana, Malam ba zai yafe ba. Suka yi dariya shi da baƙon.

Ta ƙara tsayuwar minti ɗaya. Hannun mahaifinta na kan wasiƙar, bai fara aikin ba. Ta yi masu sallama.

A kan gada motoci sun cushe, ta sauka kusa da tashar mota ta Gare de Bassam ta ƙarasa da ƙafa. Sha biyu saura kwata ta shiga ofishin manaja. Ya tambaye ta ko gida sun amince. Ta ce sun amince, ta sa hannu. Ya ce tafiya ranar ashirin ga wata ce, ta kawo fasfo ranar Litinin.