Sakatar Shirwa

Garin nan jirgin sama ne ya haife shi. Kafin sojojin sama su kafa sansani, ba komai a wurin sai fili da ciyawa. Da suka zo aka yi kasuwa, aka yi asibiti. Da suka tattara nasu ya nasu suka tafi, suka bar wa gari rumfar gyaran jirage da wani tsohon jirgin yaƙi a cikinta, wanda baƙi ke ɗaukar hoto a gindinsa. Suka kuma bar Baba Sifana.

Shekara ashirin ya yi yana gyaran jirage a rumfar nan, har kunnensa na hagu ya riga shi yin ritaya. Amma har yau ko babur ya yi ƙugi daga nesa, sai ka ga ya ɗaga kai sama.

Aikinsu na da doka. Jirgi in yana ƙasa, akan zura masa sakatar ƙarfe mai jan ƙyalle a ƙafa don kada ta naɗe. In zai tashi, makanike ya zare ta, ya ɗaga wa matuƙi ya gani, ya jefa aljihu. Ba ta barin aljihun sai jirgin ya dawo.

Wata safiyar Talata ƙanensa matuƙi, wanda ake kira Shirwa, ya ce masa, "Yaya, riƙe min, kafin shayinka ya huce na dawo." Shekara talatin da takwas ke nan. Ba jirgi, ba gawa, ba labari. Sakatar kuwa ta huda aljihuna sun fi a ƙirga.

Ran nan wata malamar tarihi ta yi sallama a gidan Baba Sifana. Ana shirin mayar da rumfar gidan adana kayan tarihi.

"Baba, kowa ya kawo nasa, huluna, hotuna. Sakatarka ta rage. A gilashi za mu sa ta, da sunansa."

"A gilashi? 'Yata, abin da ya gama aiki ake sawa a gilashi. Wannan jira take yi."

"To, in ka tafi fa, Baba? Wa zai san ta wane ce? Da ƙarafan bola za a haɗa ta."

Gaskiya ɗaci gare ta. Ya sallame ta, ya zauna yana murza ƙyallen da ya koɗe. Kewar Shirwa ta taso masa sabuwa fil. In ya bayar, ai ya yarda ke nan yaron ba zai dawo ba.

Ranar buɗewa ya je, wai kallo kawai. An share rumfar tas, an yi wa jirgin fenti. Irin na Shirwa ne sak. Idon makanike bai san ado ba, kai tsaye ƙafar ya duba.

"Wane sakaran ne ya bar jirgi a ƙasa ba sakata?"

Kafin ya yi tunani ya durƙusa, gwiwoyi na ƙara. Hannu ya shiga aljihu da kansa. Sakatar ta shige ramin daram.

Ya bubbuga cikin jirgin sau biyu, yadda yakan yi in an sauka lafiya.

"Ka daɗe, Shirwa," in ji shi. "Shayin ya huce."

A hanyar gida wani babur ya wuce da ƙugi. Bai ɗaga kai ba. Hannunsa ne dai yake ta komawa aljihu.