Tafkin Kifin Yaya da Rijiyarmu

Ranar da na dawo da 'yata daga asibiti karo na uku, ko mayafi ban cire ba. Na miƙa wa mijina ita, na ja guga ɗaya daga rijiyarmu, na nufi bayan gida wajen Yaya.

Yaya wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara huɗu ke nan da ya haƙa tafkin kifi, taku ashirin daga rijiyar, bai yi masa daɓen siminti ba. Kullum sai ya juye kashin kaji a ciki, wai don kifi su yi ƙiba. Lakar kuwa bai taɓa kwashewa ba.

Mai gwajin ruwa da likita ya turo ce ta fahimtar da ni. Ta zura ƙarfe a gindin tafkin, ta fito da baƙar laka mai wari. Ta ce takin yana kwanciya a ƙasa, ya ruɓe, sannan ya yi naso ta cikin yashi har ya haɗu da ruwan da ke ciyar da rijiya. Babba zai iya daurewa, jaririya ba za ta iya ba.

Na dire gugan a gaban Yaya.

"Sha."

"Ke, lafiyarki kuwa?"

"Ka ce ruwan garau yake. Bisimilla, sha mu gani!"

"Tafki yana nan, rijiya tana can. Ƙafa laka take da ita?"

"Sau nawa na ce maka ruwan ya sauya ɗanɗano? Ka ce bakina ne! Leɓen yarinyar nan har baƙi ya yi, Yaya. Kifinka ne 'ya'ya, tawa kuwa tsintacciya?"

Ya daɗe yana kallon gugan, bai taɓa shi ba.

Washegari ya kawo injin jan ruwa ya zuƙe tafkin. Kwana shida yana kwasar laka da shebur, yana kaiwa gona can nesa. Ban ce masa sannu ba.

Mai gwajin ta ce abin da ya riga ya sauka ƙasa sai ya ɗauki shekara ko biyu kafin ya wanke. Muka rufe rijiyar da katako. Yanzu Yaya ne yake turo mana kurar ruwa daga famfo kowace safiya, ya ajiye jarkoki a ƙofa. Yarinyar ta fara rarrafe. Shi kuwa idan ya gaishe ni, "lafiya" kawai yake samu.