Akwatin Baba Illo

Da gudu na shiga gidan Baba Illo, ɗiyata Mardiyya goye a baya, in gwada mishi haƙorin da ta fiddo da safe. Haƙori fari tas, kamar ƙwayar shinkafa! Sai na iske shi kwance, ciwo ya yi tsanani, Liman zaune wajen kai, Malam Yahaya mai bishara durƙushe wajen ƙafa, kowa na satar kallon ɗan'uwansa.

Baba Illo maƙwabcinmu ne, tsohon masunci, katanga ɗaya ta raba mu. Malam Yahaya kuwa Kirista ne, duk ran kasuwa yake zuwa daga Maradi bisa ɗan babur ɗinsa mobilet yana wa'azi ƙarƙashin iccen bedi. Shekara da shekaru, ko akuya ba ta bi shi ba. Baba Illo kaɗai ya karɓi akwatinsa, wani mai kasat wanda ba ya son pil, wato batir, da hannu ake juya shi. Har sau biyu kasat na tsinkewa don yawan ji, Malam Yahaya yana sake kawo wani, baki har kunne. Ya gaya ma manyansa ya samu mutum guda a garinmu Madarumfa, kada su ɗauke shi daga nan.

Ni ce na san zancen. Mardiyya ba ta barci, ubanta Abdu kuma ya tafi ci-rani Najeriya ya bar ni da kuka. To in Baba Illo ya juya akwatin a hankali, muryar mutumin ciki sai ta yi kauri, ta ja kamar saniya mai jin yunwa. Kafin ka ce kwabo yarinya ta yi lakwas. Kullum bayan azahar nake miƙa ta ta kan katanga.

Ran nan da na iske su, Malam Yahaya ya matso, ya ce tunda Baba ya daɗe yana saurare, ya faɗi gaban mutane abin da ke zuciyarsa. Liman ya gyara zama, ya ja carbi da ƙarfi.

"Akwai abin da ke damuna, Yahaya," in ji Baba Illo. "Tunkiyar nan ta cikin akwati, wadda ta ɓace, mai ita ya bar garke ya tafi nema. An gan ta?"

"Baba, ai yana cikin kasat ɗin, can gaba."

"Ban taɓa kai wurin ba. Yarinya na yin barci, ni ma sai in bi ta."

Liman ya tura rawani cikin baki don kada dariya ta kubce. Malam Yahaya ya sunkuyar da kai, har na ji tausayinsa. Sannan ya ce an gan ta, a kafaɗa ma aka ɗauko ta.

"Alhamdu lillahi. Na ɗauka an tsallaka da ita kasuwar Jibiya an sayar."

Na gwada mishi haƙorin, ya taɓa da yatsa, ta cije shi, ya ce wagga za ta ci kifi. Kafin la'asar ya yi shahada ya cika.

Malam Yahaya ya bi gawa har maƙabarta, ya tsaya baya-baya. Ran addu'ar uku ya dawo ɗaukar akwatinsa, ya ce mini manyansa sun maida shi wa'azi wajen garin Gabi. Har ya ɗaure akwatin bisa mobilet sai Mardiyya ta ɓare baki, kwana uku ke nan ba ta runtsa da rana ba. Ya kwance igiya, ya zauna bisa tabarmar Baba Illo ya hau juyawa.

Na ce, "Malam, ka yi sauri da yawa. A hankali yake yi."

Ya rage hannu. Murya ta yi kauri, ta ja. Na tsaya da muciya a hannu ina ji, har aka ga tunkiyar. Mardiyya ta yi barci bisa cinyarsa, baki buɗe, haƙorin nan ɗaya a waje.