Mahasin Za Ta Kawo Shayi

Matar da ke kula da suturar 'yan wasa ta miƙo wa Mahasin baƙar riga da farin ƙyallen ɗaurawa a ƙugu, ta juya tana lalube a kwali tana neman takalmi.

"Ba tawa ba ce wannan, 'yata," in ji Mahasin da Larabci, tana murmushi. "Na zo da rigata."

Ta nuna jakar da Sulafa ke rungume da ita. Sulafa 'yar ƙaninta ce, wadda yaƙin Khartoum ya koro zuwa ɗakinta a unguwar Ainu Shams ta Alƙahira. Tun daga jirgin metro har motar hayar da ta sauke su a ƙofar sutudiyon nan na Giza, ba ta yarda jakar ta taɓa ƙasa ba. Koriyar rigar da ke ciki ta girmi Sulafa nesa. Da ita Mahasin ta tsaya a dandamali a matsayin jaruma, shekarar da Alƙahira ta haddace sunanta.

Matar ta ɗago kai. "Ba ke ce Hajja Mahasin ba? Ustaz Tarig ya ce ke ce mai kawo shayi."

Mahasin ta dubi baƙar rigar. Ta san rigar nan farin sani. Ta sa irinta a finafinai da yawa har ta daina lissafi: ta shigo da tire, ta ce "Na'am, uwar ɗakina," ta fita. Sau ɗaya tak ƙofa ta buɗe mata, a wani wasan dandamali, inda ta fito jaruma ana cika ɗaki ana tsayuwa a bango don a gan ta, baƙar Bahaushiyar Sudan da ke sa manyan mutane share hawaye da hular kansu. Da aka zo mayar da wasan fim, mai kamfanin ya shigo ɗakin kwalliyarta ya ce mata dandamali daban, majigi daban, fuskarta ba za ta sayar da tikiti ba. Aka ba wata farar yarinya matsayin. Ita kuwa aka ba ta tire.

Mutum ɗaya ta taɓa ba wa labarin nan daga farko har ƙarshe, shi ne Tarig. Ɗan aminiyarta Awadiyya ne, mai ɗinkin kayan wasa. A bayan Mahasin ya yi barci a bayan labule yana jariri, da uwarsa ta rasu kuma ita ta riƙe shi har ya zama darakta. Bara duk Juma'a sai ya zo ya zauna a tabarmarta, ya ci tuwo miyar kuka har ya lashe yatsu, yana jan ta da hira. "Inna, sai duniya ta san abin da aka yi miki," haka yake cewa. "Fim ɗin rayuwarki zan yi, ke da kanki za ki fito kina ba da labarin." Yo wa zai ƙi? Ta zazzage masa cikinta kaf, har abin da ba ta gaya wa mijinta ba kafin ya rasu.

"Gwaggo, mu tafi gida," Sulafa ta faɗa a hankali da Hausa.

"Bari in ga ɗana tukuna."

Ta same shi a tsakiyar fitilu da wayoyi, yana nuna wa mai kyamara wani abu da hannu. An gina ɗakin kwalliya sak irin nata na da: madubi mai zagaye da ƙwayayen lantarki, kujerar katako, har ƙusar da take rataye gyale a jikin ƙofa. Komai ya riƙe, bai bar ko ɗaya ba. A kan kujerar wata kyakkyawar yarinya ce zaune, fara sol, gashi har baya, sanye da koriyar riga.

"Inna, sannu da zuwa." Ya sumbaci goshinta. Da Hausa ya yi maganar, ita kuwa ta daɗe da lura cewa ba ya tuna Hausa sai yana son wani abu. "Ga Rania. Ita ce za ta fito a ke."

Rania ta miƙe da sauri ta kama hannunta biyu. "Wallahi na kalli duk abin da na samu naki, Hajja. Girma ne a gare ni." Da gaske take, ba ta da laifin komai.

Mahasin ta ja Tarig gefe, bayan wani katako.

"Wannan ce ni?"

"Inna, ki saurare ni. Masu kamfani sun ce ko Rania ko babu fim. Na yi faɗa har muryata ta dushe."

"To in mai kamfani ya shigo ɗakin nan, me zai ce mata? Fuskarta ba za ta sayar da tikiti ba?"

Ya kau da kai. "Mun ɗan gyara wurin. 'Yar ƙauye ce, talaka, ba ta da kowa a birni. Zalunci dai zalunci ne, Inna."

"Tsohuwar da za ta ba da labarin fa?"

"An cire. Ya yi tsawo. Amma na ce ba zan yi fim ɗin nan babu fuskarki a ciki ba, shi ya sa na ƙirƙiro mai kawo shayin. Ki ga, za ki shigo ki dafa kafaɗarta. Masu sani za su gane."

Mai kamfanin can na da, ko ba komai bare ne, bai taɓa cin tuwonta ba. Wannan kuwa ita ta wanke masa kashi. Da ɗan gari akan ci gari, yau ta gani da idonta, kuma zafinsa ya ninka na farko. Ta tuna matan gidansu da suka rako ta har bakin titi da safe suna guɗa, wata tsohuwa daga cikinsu tana cewa yau za a wanke musu fuska su duka.

Ta koma ta sa baƙar rigar. Sulafa ta tsaya tana kallonta, idanu sun kaɗa, ta kasa ko ɗaure mata igiyar ƙyallen. Mahasin ta ɗaure abinta. Ba ta taɓa zuwa wurin aiki ta juya ba, kuma tana so ta ga iyakar abin.

Aka ba ta tire, aka tsayar da ita bayan ƙofa. Daga nan tana jin komai. Mai fitowa a mai kamfani ya faɗi nasa ya fita, Rania ta kifa kai a teburin madubi ta rushe da kuka. Tarig ya ce a tsaya. Aka sake. Ta sake rushewa, har da dukan tebur. Aka yi ta yi har shayin da ke tiren ya huce aka canza wani.

"Ba haka ba ne, ba haka ba ne," Tarig yana dafe kai. Can ya leƙo bayan ƙofa. "Inna, don Allah nuna mata yadda kika yi kukan ranar."

"Ban yi kuka ba ranar."

Ta ajiye tiren a ƙasa. Rania ta tashi ta ba ta kujera. Mahasin ta zauna, ta dubi tsohuwar da ke cikin madubi, sai hayaniyar sutudiyon ta yi nisa da ita. Ta ɗaga hannu ta zare ɗan kunne ɗaya, ta ajiye a hankali kamar ƙwai. Ta kai hannu ga na biyun, hannun ya ƙi, ya tsaya a iska. Sai ta yi 'yar dariya, gajeruwa, marar sauti. Daga can cikin ƙirjinta wata waƙar daka ta mahaifiyarta ta taso, ba kalmomi, gunji kawai, tana yi tana goge jan baki da bayan hannu. Sannan ta ɗauki jan bakin ta sake shafawa, layi-layi, ta mayar da ɗan kunnen, ta gyara wuyan riga, domin a waccan ranar akwai wasan yamma kuma ɗaki ya cika. Ta ɗaga haɓa ta miƙe.

Ba wanda ya motsa. Mai riƙe da sandar ɗaukar murya ya sauke ta bai sani ba. Rania ta toshe baki da hannu, wannan karon hawayen gaske ne ke zubo mata. Tarig kansa ya yi tsaye baki buɗe, idonsa jawur, kamar yaron nan da ke leƙenta ta tsagar labule. Mahasin ta zuba masa ido. Ta ce a ranta, ya gani, yanzu kam ya gani, ba zai iya ba wa wata matsayin nan ba.

Ta juya ga mai kyamara. "Ka ɗauka, ɗana?"

"A'a, Hajja. Ai gwaji ne."

Tarig ya share ido da gefen riga, ya tafa hannu. "Tamam, daidai ke nan. Rania, kin gani? Haka nake so, ɗan kunnen, hannun, dariyar. Waƙar ce kawai za mu canza, mu sa wata ta ƙauyen nan." Ya juyo yana murmushi, ya koma Hausa. "Inna, Allah ya bar mana ke. Ƙara yi sau ɗaya, a hankali. Ba ta ga yadda hannun ya yi ba."

Mahasin ta dube shi ta daɗe. Ta kai hannu baya ta kwance igiyar ƙyallen, ta ninke shi, ta ɗora a kan teburin madubi.

"Na manta," ta ce.

"Haba Inna, yanzun nan fa kika yi."

"Tsufa ne, Ustaz Tarig. Ma'alish, ka yi haƙuri."

Bai taɓa jin ta kira shi haka ba. Ya kuma sani, kamar yadda duk wanda ya taɓa aiki da ita ya sani, cewa tun da ta hau dandamali ba ta taɓa manta ko kalma ɗaya ba.

Ta tsallake tiren da ke ƙasa, ta miƙa wa Sulafa hannu. A bayansu ta ji muryar Rania tana tambaya a hankali, wanne ɗan kunne ne aka fara cirewa, na dama ko na hagu. Ba wanda ya iya tunawa.