Wuƙar da Zailani Ya Kai wa Kawu

Tun da Zailani ya ce bana da shi za a fita farauta, ya hana kansa sakat, ya hana matarsa Haulatu. Bakaniken babura ne a bakin tashar Daura, ya kusa talatin, bai taɓa kwana a daji ba ko da na ɓatan hanya. Kare ya samu aro, gora ya samu, takalmin roba ya samu. Wuƙa ce ta rage, kuma a kanta ya susuce. Sai ya kwance injin mutane ya bar shi a zube, ya bi wani da aka ce yana da wuƙar sayarwa, ya dawo yana tsaki.

Dalili kuwa kawunsa ne, Mainasara, yayan mahaifiyarsa, Sarkin Dawa na wani ƙauye kusa da Dutsi, ɗan tauri da aka yi shekaru ana cewa ƙarfe ba ya cinsa. Tun Zailani yana yaro tsohon nan bai taɓa kiransa da sunansa ba, sai dai "ɗan birni", ya faɗa yana kallon tafin hannunsa kamar mai duban tumatir a kasuwa. Abin yana ci wa Zailani rai fiye da yadda zai iya gaya wa kowa. So yake ya tsaya gaban Kawu da wuƙar da za ta sa tsohon ya dube shi sau biyu.

Ana haka Kofur Kalilu, wani soja ɗan unguwarsu, ya dawo daga aikin kiyaye zaman lafiya a Saliyo, da akwatin ƙarfe da labarai iri-iri. A zaurensa ya shimfiɗa buhu ya jera wuƙaƙe uku da ya samo wurin sojojin Nepal. Kukuri, in ji shi, haka masu ita ke kiranta. Zailani bai taɓa ganin irinta ba. Ta lanƙwasa gaba kamar tana sunkuyo, siririya wajen ƙota, mai faɗi da nauyi wajen kai.

Hannunsa bai tsaya ko'ina ba sai kan babbar, mai tsawon damtse.

"Ajiye," in ji Kalilu. "Wannan ta biki ce, da ita suke sare kan bauna. Ka rataya ta wuni guda ka dawo kana tafiyar agwagwa."

Ya ɗauki ƙaramar, mai ƙotar ƙaho da ado a kube.

"Wannan kuma ta jikin bango ce. Kaɗa ƙotar ka ji. Tana motsi ko? Sara ɗaya a ƙirya, ƙarfen ya tafi gabas, kai ka tsaya da ƙaho a hannu."

Ta tsakiyar ba ta da wani kyau. Ƙotar itace ce baƙa, ƙarfen ya ratsa ta har gindi, an danne shi da ƙusoshi. Kalilu ya sa shi ya fita ƙofar gida ya sari wani reshen darbejiya. Bai ma saki ƙarfi ba, nauyin kan ne ya ja hannunsa, reshen ya faɗo. Ya sake, ya sake, har sai da Kalilu ya ce ya isa haka, inuwar ba tasa ba ce shi kaɗai.

"Da wannan za ka yi turakun bukka, ka faskara itace, ka fasa ƙashi. Fiɗa kuma ga wata 'yar wuƙa nan a soke a bayan kube." Kalilu ya karɓa ya goga bakin a sangalin hannunsa, gashi ya zubo. Suka daidaita, Zailani ya soke ta a ƙugu ya hau babur yana jin kansa wani iri.

Igiyar kuben ce ta kai shi maƙerar Kabo, don a sa masa zoben ratayawa. Kabo shi ke ƙera wa mafarautan yankin kayan aiki tun gashinsa bai yi fari ba. Ya zare wuƙar, ya taɓa bakin da babban yatsa, ya janye da sauri.

"Ita za ka kai wa Mainasara?"

"Ita fa, Baba."

"Ka tuna abin da ake yi da wuƙar sabon shiga?"

Zailani ya tuna. Ya sha gani yana yaro. Ranar fita, duk wanda zai shiga daji karo na farko yakan miƙa wuƙarsa ga Sarkin Dawa, makaɗi ya saki taken tauri, Sarkin Dawa ya ja ta a kan cikinsa. In ba ta ci ba, an karɓi wuƙa an karɓi mai ita. Zumuɗi ya mantar da shi wannan kakaf.

"Ai ƙarfe ba ya cin Kawu," ya ce.

Kabo ya ci gaba da hura zugazugi. "Ni ban ce maganinsa ba ya aiki ba. Amma duk wuƙar farko daga nan take fita, kuma shekarun nan ba na fitar mata da baki sai an dawo da ita daga wurinsa. Ba wanda ya sa ni, shi ma ban gaya masa ba. Mutum ya haura saba'in, Zailani. Ka ɗauki ɗaya cikin nawa, ka ɓoye wannan."

Da ma zai yiwu. Kalilu bakinsa ba ya riƙe magana, kafin la'asar labarin wuƙar sojoji ya riga Zailani isa ƙauye, washegari kuma saƙon Kawu ya iso ta bakin wani direba: a gaya wa ɗan birni ya zo da ita, ita ba wata ba.

Ga kuma zamani. Tun da aka ƙaddamar da shari'a, samarin Islamiyyar ƙauyen suka sa tauri gaba a wa'azi, suna cewa tsafi ne da yaudara. Da yawa cikin yaran Mainasara sun kwance layunsu sun bar shi. Waɗanda suka rage 'yan kaɗan ne, kuma ranar fita masu wa'azin kan zo su tsaya gefe, suna jiran ranar da za su ga jini. Zailani shi kansa yakan ji wa'azin ya gyaɗa kai. Amma bai taɓa so hujjar ta fito daga cikin kawunsa ba, balle ta hanyar wuƙarsa.

Kwanakin da suka rage ya yi su ne kamar mai ƙuma a riga. Ya zare wuƙar ya duba, ya mayar. Ya hau babur zai je ya faɗa wa Kawu gaskiya, ya kai rijiyar Kusugu ya juyo, don bai san da wane baki zai ce wa Sarkin Dawa yana jin tsoron kada a yanke shi ba. Haulatu ta ajiye masa tuwo ya huce, ta ɗumama ya sake hucewa, ta ce in wuƙa ce za ta haukata shi gara ya mayar wa mai ita. Ana gobe fita, da rana tsaka, ya shiga bayan gareji, ya durƙusa gaban wani dakalin siminti. Ya kafa bakin kukurin a tsaye ya dinga gogawa, yana jin ƙarar har cikin haƙoransa. Da ya gama ya ja ta a hannunsa, ko gezau. Sai da idonsa ya kawo ruwa, don yana son wuƙar nan ba kaɗan ba.

Da hantsi aka taru a filin bayan ƙauye. Karnuka na ta ja da igiya, mata sun leƙo ta saman danga, samarin Islamiyya sun yi layi ƙarƙashin tsamiya da hannuwa a ƙirji. Mainasara ya fito cikin rigar dawa da rini ya mayar baƙa-baƙa, guraye sun cika masa ƙugu. Ya rame fiye da yadda Zailani ya san shi. Mai gangi ya saki takensa, tsohon ya fara tsima, ya miƙo hannu ba tare da ya dubi kowa ba.

Zailani ya durƙusa ya ba shi. Jama'a suka ɗau surutu da ganin lanƙwasar. Mainasara ya juya ta, ya auna nauyin, ya ɗan murmusa. Sannan ya ɗora babban yatsa a bakin, murmushin ya ɗauke.

Ya ɗaga hannu, gangi ya yi shiru.

"Haka sojan ya ba ka ita?" Ya yi maganar ƙasa-ƙasa, su biyu kaɗai suka ji.

"Kawu..."

"Siminti ne ko dutsen niƙa?"

Zailani ya sunkuyar da kai. Tsohon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya waiga ya dubi Kabo can cikin taro, shi ma ya daɗe. Kabo ya kawar da ido. Zailani ya ga fuskar kawunsa ta sake, ya gane tsohon ya haɗa na yau da na shekarun baya ya fahimci komai.

"A kawo mini dutsen wasa wuƙa da ruwa," in ji Mainasara da ƙarfi.

Nan ya zauna a ƙasa gaban kowa, ya miƙe ƙafa, ya shiga wasa wuƙar. Bai yi sauri ba. Rana ta ɗaga, karnuka suka gaji da haushi suka kwanta, shi yana ta kai da komo da ƙarfe a kan dutse, yana yayyafa ruwa. Zailani ya tsaya, ya tsuguna, ya sake tashi. Ya matsa ya raɗa masa, "Don Allah Kawu, don darajar Inna." Ko kallo bai samu ba. Ya ji kamar ya fizge wuƙar ya ruga da ita, amma ya san wannan ma tozarci ne, kuma a gaban masu jira ƙarƙashin tsamiya. Can Mainasara ya tsinko zare daga bakin rigarsa, ya ɗaga sama don kowa ya gani, ya taɓa shi da wuƙar. Zaren ya rabu biyu.

Gangi ya dawo da ƙarfi. Tsohon ya miƙe, ya yi kirari da wata murya da Zailani bai zaci tana nan ba, ya yaye riga da hagu, ya ɗora kukurin saman guraye ya ja tun daga wannan gefe har wancan. Kafin ido ya gama gani ya saki riga, ya caka wuƙar a ƙasa har rabi.

Saura shaida, kuma mai wuƙa ke ba da ita. Shi zai sa hannun dama ƙarƙashin rigar ya shafa cikin Sarkin Dawa, ya ɗaga tafin ga jama'a. Zailani ya matsa. Ya zura hannu. Ya ji ɗumi, ya ji danshi, ya ji yana bin tsakanin yatsunsa.

Suka haɗa ido. Mainasara bai roƙe shi komai ba, ya tsaya ƙyam yana numfashi ta hanci. Wani daga ƙarƙashin tsamiya ya ce, "To, a ɗaga mana!"

Zailani ya zare hannun a dunƙule, ya zube a gaban kawunsa kamar mai gaisuwar ban girma, ya dafa ƙasa da tafuka biyu ya danna su cikin rairayi sosai. Ya ɗan jima a haka. Da ya tashi ya ɗaga hannun sama, ƙasa ta rufe shi fari fat.

"Ba ta ci ba!" ya faɗa da ƙarfi.

Fili ya ɗauka. Mata suka rangaɗa guɗa, mai gangi ya kusa fasa fata, karnuka suka miƙe. Samarin Islamiyya suka dubi juna, suka fara watsewa. Mainasara ya juya baya, ya ja ɗamararsa sama ya ƙulle tamau a kan riga, ya zare kukurin daga ƙasa ya miƙa wa mai ita ta ƙota.

Aka ɗau hanyar daji, shi a gaba kamar kullum, sai dai takunsa ya gajarta, kuma gwiwar hannunsa na hagu ba ta rabuwa da haƙarƙari. Zailani ya bar karensa a hannun wani, ya bi shi a baya yana kallon ƙasan rigar. Yana so ya ce a koma, a nemi mai ɗinki, ya san kuma ba za a koma ba. Sai da suka wuce gonaki, kiɗa ya yi nisa, tsohon ya rage tafiya har suka jera.

"Zailani," ya ce, idonsa na kan hanya. "Yau kada ka yi nisa da ni."