Gangarar Ɗela

Samari huɗu ne suka ɗauko bencin kilas, biyu gaba biyu baya, suka dire shi a gindin matakala, dab da inda Ɗela take zaune a ƙasa tana maida numfashi. Babbansu, Mainassara, ya durƙusa cikin ladabi ya ce ta hau, su za su shiga da ita, ko girgiza ba za ta ji ba.

Ɗela ta dubi bencin, ta bi samarin da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Ku huɗu?" ta ce. "Biyu wajen kai, biyu wajen ƙafa? To wa zai yi mini salla?"

Wani ya fara dariya, ya haɗiye ta. Yaran nan ba su yi da wata manufa ba, Allah ya sani. Sai da ta faɗa suka ga abin da suka jera, sak yadda ake ɗaukar makara.

Hamsatu, maƙwabciyarta, tana tsaye bayanta riƙe da butar ruwa, kuma tun da ta hango matakalar nan guda huɗu ta siminti ta san akwai magana. Shekara ashirin da ɗoriya katanga ɗaya ce tsakaninta da Ɗela a nan Magaria, ta san halin kayanta.

Abin da ya tara mutane ranar Talatar nan, 'yan kolej ne suka shirya sinima. Cikin bazarar saba'in da shida ke nan, ana dab da rufe lakwal, wato makaranta, don hutu. Malaminsu, Mushe Yero, ya samo musu aron injin sinima daga Damagaram, da wani fim na guragu da makafi masu sana'a a wata ƙasa. Yara suka bi gari gida gida suna gayyato masu lalura, wai su zo su gani, su ma mutanen gari su gani. Suka toshe tagogi da barguna, suka rataya farin zane jikin allo, har ruwan sha suka tanada. Komai sun tuna ban da ƙofar shiga. Fadi, 'yar Hamsatu, tana cikin masu shiryawa, ita ce ma ta yi mako guda tana yi wa Ɗela naci sai ta zo.

Wasu guragun sun yarda an ɗauke su, ba laifi ba ne. Ɗela dai ta gode wa samarin, ta gyara tsofaffin takalman taya da take sawa a hannu, ta ja jiki zuwa inuwar wani itacen bedi. Can ta zauna. Injin wuta ya tashi, kiɗa da Faransanci suka riƙa fitowa ta cikin barguna, wani lokaci a ji yara sun kwashe da tafi. Hamsatu ta ƙi shiga, ta zauna kusa da ita tana yi mata fifita da gefen mayafi. Kafin a tashi suka kama hanyar gida a amalanken Barau, wanda ya saba karkata shi har gindinsa ya taɓa ƙasa, Ɗela ta hau abinta.

Da la'asar Fadi ta dawo fuska a murtuke. Ta jefar da littattafai kan tabarma ta ce Inna Ɗela ta ba ta kunya gaban Mushe, girman kai ne kawai, benci ai ba makara ba ne. Hamsatu tana tankaɗe, ta bar ta ta gama zubar da abin da ke cikinta, sannan ta ba ta labarin da ba ta taɓa ba ta ba.

Ɗela tana shekara shida zazzaɓi ya shanye mata ƙafafu. Da uwayenta suka rasu, wani wanta ya riƙa goya ta duk ranar kasuwar Guci, ya ajiye ta bakin hanya da ƙoƙo a gabanta, da yamma ya zo ya kwashe abin da ya taru, ya sake saɓa ta kamar buhun gero. Ranar da ta samu wata gwaggonta ta kawo ta Magaria, Ɗela ta ce an gama ɗaukarta. Ta koyi matsar gyaɗa, ta zama mai mai da ƙuli-ƙulin da har ma'aikata ke aikowa saye. Ta yi aure, ta haifi ɗa guda yana can Kano, ta binne miji. Cikin wannan duka babu hannun da ya sake raba ta da ƙasa.

"Dubi ƙofar ɗakin nan," in ji Hamsatu. "Ina dokin ƙofarsa?"

Fadi ta waiga. Babu. Ƙasa ce shafe, ta ɗan gangara zuwa tsakar gida.

"Ubanki ya fasa shi da gatari watan da muka tare, don ta riƙa shigowa. Ke a nan kika yi rarrafe, shi ya sa ba ki taɓa gani ba."

Akwai abin da Hamsatu ba ta gaya wa yarinyar ba. Mako uku ke nan ba ta ji ƙamshin suyar gyaɗa ya ƙetaro katanga ba. Fuskar Ɗela ta kumbura, tari yana tsayar da ita tsakiyar magana, kuma allurar gidan likita ba ta yi komai ba. Da ta kai mata kunu kafin magariba ta same ta jingine da randa, ta ƙura wa bango ido. Suka taɓa hirar tsadar gero, da zafin bana, da akuyar Barau mai shiga gidan mutane. Can Ɗela ta tambaya, kamar ba da gaske ba, ko gaskiya ne mutanen cikin sinima suna motsi har da ƙifta ido. Hamsatu ta ce haka aka ce, ita ma ba ta taɓa gani ba.

"Na so in gani, Uwar Fadi," ta ce a hankali. "An ce akwai wata irina a ciki. Na so in ga yadda take yi da tukunya in ta tafasa."

Wannan maganar ce Hamsatu ta ɗauko ta kawo wa 'yarta ba ƙari ba ragi. Fadi ta ɗauki kallabi ta fita.

Yadda aka yi da manya, sai daga baya Hamsatu ta ji. Injin zai wuce Dungass ranar Alhamis da azahar, kamyo, babbar motar kaya, zai zo ɗaukarsa. Maikano mai kunna shi ya ce shi ba ruwansa, in akwai mai a injin wuta zai sake nunawa da hantsin Alhamis. Darekta ne ya yi ta jan ƙafa kan maganar gina gangara a bakin ƙofa, wai ginin gwamnati ne, ba a liƙa masa laka kamar rumbu. Mushe Yero ya yi ta lallashi har ya yarda, da sharaɗin a rushe bayan an gama.

Laraba tun da safe 'yan kolej suka tuɓe riguna. Aka jibge tubala a gefe ɗaya na matakalar, aka cika da jar ƙasa, aka kwaɓa laka da ƙaiƙayi. Ruwa shi ne wuya, don rijiyoyi sun ja baya, sai Hamsatu ta bi matan unguwa kowa ta ba da tulu ɗaya. Wasu sun ba da biyu. Tsoho Labbo magini ya zo wucewa, ya tsaya ya ga ɓarna, ya ce wannan da suka yi ko jaki ba zai hau ba, ya yi tsaye da yawa. Ya sa suka rushe rabi suka ja shi da tsawo. Yana ta yi musu tsiya, wai 'yan boko sun san nisan Faransa amma ba su san tsawon hannun mutum ba. Da aka gama yaɓe ya danna da babban yatsa, ya girgiza kai, ya ce kwana uku yake so kafin ya bushe. Kwana ɗaya gare su.

Ranar Alhamis Ɗela ta sa Hamsatu ta ɗaura mata kallabinta na Salla, ta sa tozali. A amalanke tattalin numfashi kawai take yi. Da suka iso, mutanen da suka taru sun fi na ranar Talata, har da masu tallar da suka ajiye farantansu.

Ta dubi gangarar tun daga ƙasa har bakin ƙofa. Saman ya yi fari fari, kamar ya bushe.

"Wa ya yi wannan aiki?"

Aka ce su Mainassara ne, da Labbo.

"Da Labbo ya yi shi kaɗai da ya fi kyau. Amma Allah ya yi muku albarka."

Ta ɗora hannun dama. Ɓawon saman ya fashe, takalmin ya nutse cikin laka ya maƙale. Ta ja, ya ƙi. Mainassara ya yunƙura, Fadi ta riƙe masa riga. Ɗela ta zare hannunta ta bar takalmin a nan, ta cire ɗayan ta miƙa wa Hamsatu ba tare da ta waiwaya ba, ta kafa tafin hannu tsirara.

Kun san tafiyar da ba ta fi taku shida ba ga mai ƙafa. Ita sai ta kafa hannu biyu, ta tattara ƙarfi, ta jawo sauran jikin, ta huta. A tsakiya tari ya kama ta, ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa laka. Hamsatu ta ji hannayenta suna son tafiya da kansu, sai ta maida su baya ta damƙe ɗaya da ɗaya, takalmin tayar nan a tsakani. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai injin wuta. Darekta ma ya fito bakin ofis ya tsaya.

Tarin ya lafa. Ta tofar a gefe, ta ce wa Fadi da ke tafe kusa da ita a durƙushe, "'Yar lakwal, matsa, kina tare mini iska." Ta ci gaba. Da ta kai bakin ƙofa ta goge hannu a zaninta na Salla ba ta ko duba ba, ta shige cikin duhun.

A gaba aka shimfiɗa musu tabarma. Da haske ya faɗa kan zanen, Hamsatu ta ji Ɗela ta kama mata gwiwa. Fadi ta zauna a ɗaya gefen tana juya mata magana da Hausa, amma ba a jima ba Ɗela ta ce ta yi shiru, idonta yana ji. Aka nuna makaho yana saƙa kujera, ta ce saƙar ta yi sako-sako. Aka nuna wani yana tuƙa keke da hannu, ta yi dariya har ta ƙware, ta ce da ta samu wannan tana yarinya da Kano ta yi mata kusa. Sai ga matar. Baƙa ce, siririya, tana zaune a ƙasa gaban murhu. Tukunya ta tafasa, matar ta naɗe tsumma a hannu, ta jawo ta kan wani faffaɗan katako, ta tura katakon gefe da gwiwar hannu.

Ɗela ta matso da bakinta kunnen Hamsatu.

"Katako," ta ce. "Shekara arba'in ina ƙona cinya. Ashe katako ne."

Ta ci gaba da kallonta har aka ɗage barguna.

Kwana tara ta yi bayan nan. Na farko-farko ta yi su da baki, duk wanda ya zo gaisuwa sai ya sha labarin sinima, kuma kullum labarin yana ƙara tsawo, har mai keken ya fara tsere da mota. Ta sa Barau ya nemo mata katako, aka kawo, ta shafa shi ta ce a jingine mata, in ta ji sauƙi za ta gwada. Daga baya magana ta ragu. Aka yi wa ɗanta waya ta gidan waya, ya iso ranar Juma'a. Asabar da hantsi Hamsatu tana ba ta ruwa da ludayi, ta kurɓa sau biyu, ta kawar da kai, ta yi kalmar shahada a hankali kamar mai gudun tada wani daga barci. Shi ke nan. Allah ya jiƙanta.

Hamsatu ce ta yi mata wanka, ita da Baturiya matar liman. Sai da ta zo kan hannayen nan, masu kauri kamar na manomi, sannan kuka ya zo mata. 'Yan kolej sun zo jana'iza da yawansu, suka tsaya a baya cikin kakinsu, ba su san inda za su sa kansu ba.

Aka rufe lakwal, darekta ya tafi hutu garinsu, maganar rushewa ba wanda ya sake tada ta.

Ruwan farko ya sauka ranar sadakar bakwai, da rana tsaka, ya ɗauke kafin la'asar. Hamsatu ta fito maida tukwanen aro, hanya ta bi da ita ta bakin kolej. Filin ba kowa, sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ta sauke kayan ta tsaya. Gangarar tana nan, ta bushe ta yi tauri, ruwan bai ci ta ba. Tun daga ƙasa har bakin ƙofa sawun tafin hannu ne bibbiyu, yatsu a ware, kowanne ya cika da ruwa. Wasu 'yan tsuntsaye jajaye guda uku sun sauka kan na tsakiya, inda ya fi zurfi, suna sha suna ɗaga kai.