Baƙin da ke Cikin Kwamfutar Bamanga

Bamanga ya diro daga keke mai ƙafa uku a ƙofar Kasuwar Gombe tun kafin direba ya gama tsayawa, kwamfutarsa naɗe cikin sallaya a hammata. Ƙarfe sha ɗaya ta wuce, taro kuma bayan la'asar ne, shi ya sa dattijon da aka sani da tafiyar ƙasaita yake ratsa 'yan dako yana ba su haƙuri.

Shekara tara yana sakataren ƙungiyar masu kiwon shanu ta Barunde, sunan kowane mamba da ranar rigakafin dabbobinsa duk suna cikin kwamfutar nan. Matsalarta ɗaya, nauyin tashi. A taron watan jiya ya kunna ta, dattawa suka zuba mata ido har aka kira magariba ba ta buɗe ba, kowa ya ɗauki takalminsa. A nan Mudathir, wani mamba mai gidan gona da wayoyi biyu, ya ce a ba shi kujerar, shi a waya zai riƙe komai. Yau za a yanke hukunci. Bamanga kuwa yana son kujerar nan, ba ya ma ɓoyewa.

Iklima mai gyaran kwamfuta tana bayan layin 'yan waya. Ta karɓa ta kunna, ta duba agogo. Ta sallami mutum biyu, ta ci ɗan wake, ta wanke hannu, kwamfuta tana nan tana juya ɗan da'irarta. Sai da aka yi minti goma sha tara allo ya daidaita. Bamanga ya ce ai yau ma ta yi ƙoƙari, ƙila ta ga baƙuwar fuska ce.

Iklima ta buɗe wani shafi, ta kama baki. Manhaja arba'in da ɗaya ne ke tashi tare da kwamfutar duk lokacin da aka kunna ta: ta kallon fim, ta hasashen yanayin wata ƙasa mai ƙanƙara, ta wasan tseren mota, har da na wasu na'urorin buga takarda uku da Bamanga bai taɓa mallaka ba.

"Baiwar Allah, wa ya sa miki duk waɗannan?" ta faɗa wa kwamfutar, sannan ta juyo gare shi. "Ko kai ne?"

Ya ce shi bai sa komai ba. Su dai sukan fito ne su tambaya, da Yes a gefe da No a gefe, shi kuma ya danna Yes.

"Kullum?"

"To 'yata, abu ya zo ya yi sallama, ya nemi izini cikin ladabi. Da wane ido zan ce masa a'a?"

Dariya ta hana Iklima magana. Ba ta san cewa mutumin nan a gidansa ma haka yake ba: wani ɗan ƙanin matarsa ya zo kwana biyu daga Dukku, bana shekararsa huɗu. Da ta nutsu ta yi masa bayani cewa kwamfutar lafiyarta ƙalau, sai dai duk safiya sai ta bi baƙin nan ɗaya bayan ɗaya ta gaishe su kafin ta zo kansa. Magani shi ne a hana su tashi. Ta juya masa allon, ta ce shi zai danna da hannunsa, don in ita ta yi, gobe wasu za su yi sallama ya buɗe musu.

Na farko ya ba shi wuya. Ya tambaya ko abin zai lalace, ta ce ko kaɗan, yana nan, sai an kira shi zai zo. Ya yi bismillah ya danna. Ba abin da ya faru. Ya danna na biyu, na uku, kafin na goma ya ture hula ƙeya yana karanta sunan kowanne da ƙarfi yana sallamarsa. Maƙwabtan shago suka leƙo. Mai tseren mota ya sha faɗa na musamman, domin Bamanga ko keke bai iya tuƙawa ba. Huɗu kawai Iklima ta ce a bari.

Suka kashe, suka kunna. Minti ɗaya da rabi.

Bamanga ya miƙe tsaye, ya zauna, ya ce a sake. Sau uku aka sake. Daɗi ya cika shi har ya rasa Hausa, ya koma yi wa Iklima addu'a da Fulatanci, ita kuma tana amsawa da amin duk da ba ta jin ko kalma ɗaya.

Bayan la'asar mambobi suka hallara a rumfar ƙofar gidan shugaba, Alhaji Bawa. Mudathir ya ajiye wayarsa a kan tabarma, agogon ƙirga lokaci a buɗe inda kowa zai gani. Bamanga ya danna maɓalli. Dattawa kuwa, da yake sun saba akwai lokaci, suka shiga gaisuwa a tsanake: jiki, iyali, shanu, wanda ya je Kumo, wanda ƙafarsa ta kumbura.

Alhaji Bawa yana tsakiyar tambayar wani lafiyar surukinsa kwamfuta ta yi ƙara, sunayen mambobi suka bayyana reras. Dattawa duk suka juyo kanta. Mudathir ya kalli wayarsa, ya kalli allo, ya kife wayar a hankali.

Alhaji Bawa ya ɓata rai, don ba a taɓa katse masa gaisuwa ba.

"Sakatare, wannan wace irin gaggawa ce? Rufe ta tukuna, ba mu gama gaisawa ba."

Bamanga ya ji sunan da aka kira shi da shi, wato sakatare, ya ga kuma ko Mudathir bai musa ba. Ya sauke murfin a hankali, ya ɗora hannuwansa biyu a kai. Minti ashirin cif dattawa suka ƙara suna gaisawa, kwamfuta tana jiransu.